Ruwan Kanwa da Jan Magani

A tashar Kafanchan, motar Kachia ta ƙi cika. Wani makiyayi yana rawar ɗari yana kurɓar wani abu a gora, wata dattijuwa kusa da shi tana kallonsa.

"Malam, me kake ta sha haka?"

"Ruwan kanwa ne, Mama. Bakkale na ɗauka a wurin shanu, cutar nan da ke sa su ɓari. Likita ya ce cutar a wuri mai tsami take ɓuya a jiki, tsamin yana rage wa magani ƙarfi. Ai kanwa ce ke kashe tsami."

"A miyar yakuwa ke nan. Shekara talatin ina aikin nas. Kanwa ba ta isa inda cutar take, sai dai ta hana magani shiga jikinka. Ba iri biyu ya ba ka ba?"

"Biyu ne. Jan na daina, fitsarina ya koma ja."

"Haka yake yi. Shi ne kuma wanda tsami ba ya karya shi. Ina sauran?"

"Na ba saniyar da ta yi ɓari. Ita ke riƙe da gidan."

"Kuna shan nononta ɗanye? Ta nan fa cutar ke kama mutum."

"Ni dai na daina. Yara kawai ke sha. Direba, mu tafi mana."