Gwangwanin Kwalta Daga Kaduna

Akuyar Inna anka saida na samu kuɗin mota. Ku matso, 'yan banza, kuna taka kwalta kullum ba ku san abin da kuke takawa ba!

Shekarar da anka samu 'yanci, Inna ta zame cikin taɓo a ƙofar ɗakinta nan Kiyeshe, ƙugu ya goce. Duk damina sai ta zauna ciki kamar mai takaba. To ina sauka Kaduna na ga hanya baƙa wuluk, an yi ruwa an ɗauke, babu taɓo ko ɗis. Wallahi tsugunnawa na yi na shafa ta da hannu. A raina na ce, wannan abu sai Inna ta taka shi.

Na shiga lebura wajen masu yin titi. Helumanmu, wato shugaban leburori, wani Bakano ne mai baki.

"Kai Ba'are, mene ne sunan wannan?"

"Kwalta, maigida."

"Kol-taa! Haka Bature ke faɗi, man gawayi ke nan. Duk kun tauna musu magana."

Shi ma fa da Bature ya juya baya kwalta yake cewa.

Ku ga aiki! A zuba marmara, a zuba tsakuwa, rola ta bi ta danne har ƙasa na rawa, sannan a dafa kwalta a yayyafa. Ni dai baƙin nan kaɗai idona ke gani.

Da damina ta matso na roƙi heluma gwangwanin kwalta guda.

"Za ka sha ne?"

"Ƙofar uwata zan yi wa titi."

Ya yi dariya har da hawaye, amma ya ba ni.

Ranar da na iso duk gari anka taru. Na hura wuta, na narkar da ita, na kwarara a kan rairayi. Babu dutse ko ɗaya a ƙasa! Ruwan farko ya ɓamɓare ta kamar ƙanzo, kaji suna tsattsaga. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na zauna bayan rumbu ina kuka, gemu da komi.

Inna ta jawo jiki ta kankare abin da ya saura cikin gwangwani, ta liƙe tsagar randarta.

"Tashi, Ɗan'inna," ta ce. "Akuyata ba ta tafi banza ba."

Titin bai zo ƙofarta ba har Allah Ya karɓi abinsa. Randar kuwa, ita ce wadda kunka sha ruwa cikinta yanzu.