Mazarin Mahaifiyata a Tukunyar Miya

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni ce Hajiya Rabi daga Sabo, Ibadan.

Ran Talata na tarar da 'yata Binta, 'yar sakandare, tana burga miyar kuka da mazarin kaɗin marigayiya mahaifiyata. Na ce, "Ke, mene ne a hannunki?" Ta ce, "Inna, ba maburgi ba ne?" Ban doke ta ba, don laifina ne.

A layinmu Goggo Asabe kaɗai ta rage mai iya kaɗi, ga idonta yana raguwa. Shi ya sa muka kafa ƙungiyar mata. Mu ne abincin Goggo da maganinta, ita kuma koyarwa. Sharaɗin shiga ɗaya ne, ki zo da 'yarki duk Asabar. Kada wata ta fake da boko, ni ma na yi shi.

Yaƙin nan da ake yi a Arewa ya sa auduga ta yi wuya. Direbobin Arewa masu sauka tashar Ojoo a nan Ibadan, ku taimaka ko da ƙunshi guda.

A gaishe min da Goggo. Zaren Binta na farko ya yi kaurin igiyar guga, amma Asabar za ta koma, ko tana kuka.