A Bar Ni In Kira Jikana Barau

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukan masu saurare. Ni ce Hajiya Rabi daga Dogon Dutsi, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko.

Ɗiyata ta fari ta binne 'ya'ya maza uku, babu wanda ya kai yaye. Ranar Lahadi Allah ya sake ba ta namiji. Tun da aka yanke cibi ta juya fuska bango. Sai mun matsa mata take ba shi nono, tana cewa, "Inna, kar in saba da shi."

Na ce a yi masa sunan yanka duk wanda ubansa ya zaɓa, mu kuma a gida mu kira shi Barau, wato a bar mana shi. Da ta ji haka, ta miƙo hannu ta karɓe shi.

Sai ga saƙo daga mijinta wai wannan maguzanci ne, in na ƙara faɗa kar in sake taka gidansa. Malam, ban ce a ajiye yaro a kan juji a kira shi Ajuji kamar yadda iyayenmu suka yi ba. Ni ma na yi karatu. Wa ke barin ɗa da rai in ba Allah ba? Wa nake roƙo, aljana Doguwa?

Kunyar suruki ta hana ni tsayawa gabansa, amma na san rediyonsa na buɗe a shago. Malamai, don Allah ku ba shi amsa kafin ranar suna. Tun jiya ɗiyar tawa ta sake juya fuska bango.