Mai karanto wa 'yan wasa

Ku yi mini uzuri, ban taɓa rubuta labari ba. Abin da na ji ne kawai a tashar motar birnin Puebla. Talabijin na maimaita wani tsohon wasan kwaikwayo, sai wani dattijo ya juya ga matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, ni na ba da umarnin wannan. Evaristo Quiñones. Wasanni arba'in na yi, kullum kashi guda, kuma ba ɗan wasan da ya taɓa manta maganarsa."

"Ina za su manta, Yallaɓai Evaristo? Da 'yar na'ura a kunnensu, ana karanto musu."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni ke karantowar. Shekara ashirin da biyu. Faɗi sunana mana, ko sau ɗaya ne."

Ya daɗe yana kallonta.

"Au, ke ce? Kin cika sauri in an zo wurin kuka. Na sha cewa a gaya miki."

"An sha gaya mini, ranka ya daɗe. Taku uku ne daga kujerarka zuwa ƙofata."

Na rufe littafin da nake rubuta hirarsu a ciki na sulale, tun ba su lura da ni ba.