Wurin Mutum Ɗaya Ya Rage

TAHIR: Salamu alaikum. Gwaggo Kaltume? Kina jina?

GWAGGO: Wa alaikumus salam. Wane ne? Ɗaga murya, iska kawai nake ji.

TAHIR: Tahir ne, Gwaggo.

GWAGGO: Tahirun mai injin niƙa?

TAHIR: A'a, daga Kano. Ɗan yayanki, Alhaji Ja'afaru.

GWAGGO: Ikon Allah! Tsaya in zaga bayan rumbu, nan wayar take kamawa. Yauwa. Ina wuni?

TAHIR: Ni zan gaishe ki, Gwaggo. Ina wuni? Ina gajiya?

GWAGGO: Ba gajiya. Ya gida? Ya yara?

TAHIR: Lafiya ƙalau. Ya damina?

GWAGGO: Da godiya. Gero ya fara fitar da kai, gyaɗa ce dai take son ruwa. Ya maiɗakinka? Wa take da suna ma? Ka san ban taɓa sa ta a ido ba.

TAHIR: Ramlat. Tana gaishe ki.

GWAGGO: Ina amsawa. To, wa ya mutu?

TAHIR: Subhanallahi! Babu wanda ya rasu.

GWAGGO: Ai na ga ba a nemana daga birni haka kawai.

TAHIR: Alhaji ne ba lafiya. Muna asibiti. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ma ya kama, amma yana ji sarai. Ga shi a gefena, na buɗe muryar wayar don ya ji ki.

GWAGGO: Au, yana ji? Yaya Ja'afaru, sannu. Allah ya sa kaffara ne.

TAHIR: Amin. Gwaggo, dama tun bara nake haɗa tarihin zuri'armu. Na zaga Makoda, na je Ɗanbatta wajen dattawa, amma ban samu wanda ya tuna tsangayar kakanmu Malam Mika'ilu ba.

GWAGGO: Wace tsiya?

TAHIR: Tsangaya, Gwaggo. Makarantarsa.

GWAGGO: Na ji ka, ba kunnena ba ne. Ci gaba.

TAHIR: To kafin bakin Alhaji ya kama, ya bar mana wasiyya. Ya ce in ta Allah ta kasance, a kawo shi gida a kwantar da shi gefen mahaifinsa. Kullum sai ya tuna min da maganar da alamar hannu, likita kuma ya ce mu yi ta addu'a kawai. Shi ne na ce ke kaɗai kika rage da za ki nuna mana kabarin. Gwaggo? Dariya kike yi?

GWAGGO: Tsangaya! Yaya, haka ka ce musu? Da ɗalibai da alluna?

TAHIR: Ban gane ba.

GWAGGO: Kakanka ko carbi ba ya iya ja, ɗan nan, don ba yatsun ja. Kuturu ne.

TAHIR: Inna lillahi... Gwaggo, bari in rufe muryar nan in fita waje.

GWAGGO: Kar ka soma. Ka fita in kashe wayata.

TAHIR: Alhaji, sakar min hannu mana. Alhaji... To. Ya riƙe ni, ba ya so in fita.

GWAGGO: Madalla, yau ya zauna ya ji. Bukkarmu tana bakin kududdufi, bayan gari. Ubanka na tasawa ya bi motar gyaɗa ya gudu Kano, don 'yammata suna kiransa ɗan kuturu. Ni 'yar kuturun ina zan gudu? Ni ke wanke mikin Baba, ni ke ba shi tuwo a baki. In na je rijiya, sai an ɗauraye guga bayan na tafi. Sa'o'ina suna goyon na uku ban samu mai sallama da ni ba.

TAHIR: Allah Sarki. Ba mu sani ba wallahi.

GWAGGO: Wa zai gaya muku? Da Baba ya ji jiki, aka aika a kira ubanka. Ɗan aiken ya same shi a Kantin Kwari, ya ce a gaban mutane bai san mai wannan suna ba. Baba kuwa ko akuya ce ta taɓa ƙyaure sai ya ce, "Kaltume, duba, ko Ja'afaru ne."

TAHIR: Don Allah ki sassauta, hawaye yake yi.

GWAGGO: Ashe idon bai shanye ba.

TAHIR: Haba Gwaggo! To a wace maƙabarta aka sa kakan namu?

GWAGGO: Maƙabarta? Mutanen gari suka ce ba za a haɗa shi da matattunsu ba. Nan bakin kududdufin aka haƙa. Randar da yake shan ruwa, wadda babu mai kusantarta, ita na fasa na miƙa musu suka rufe ramin. Na dasa aduwa a wajen kansa don kar in ɓata wurin.

TAHIR: Alhamdu lillahi! Ke nan akwai alama. Gobe in Allah ya kai mu zan shigo motar Ɗanbatta...

GWAGGO: Ka zo ka ga me? Ka san masallacin da ubanka ya gina mana? Mai koren fenti, da sunansa ɓaro-ɓaro a jikin bango?

TAHIR: Na sani, hotonsa na falonmu.

GWAGGO: Hoton dai, don shi ko buɗewa bai zo ba. Da za a yi ciko, sai ya aiko katafila da tifa. Ka san garin nan ko'ina gonar wani ce, ba mai yarda a taɓa masa ko kunya ɗaya. Sai aka ce a ɗebi ƙasar bakin kududdufi, tunda ba ta kowa ba ce. Hello? Kana ji?

TAHIR: Ina... ina ji.

GWAGGO: Na fito ko mayafi babu, na tsaya gaban katafilar. Na ce da mai kula da aikin ya kira min Alhaji, ƙanwarsa ce. Ya kira a gabana. Da kunnena na ji muryarsa: "Ina da baƙi. Ko wace ce, a sallame ta." Aka janye ni gefe. Aduwar aka fara tumɓukewa.

TAHIR: La ilaha illallahu.

GWAGGO: Tifar farko kuwa wajen banɗakunan masallaci aka juye ta. Yaya, kana ji? Ka gina wa Baba makwanci, har da famfo.

TAHIR: Ya isa! Gwaggo ki ji tsoron Allah, mutumin nan numfashi yake da ƙyar!

GWAGGO: Shi na ji tsoro ai, shi ya sa na bi tifar a ƙafa. Na durƙusa cikin jar ƙasa ina tonawa da hannu, leburori na kallona. Abin da na samu na Baba na ƙulle a zanina. Bai cika zanin ba.

TAHIR: Kin... kin sake binne shi?

GWAGGO: Da hannuna. Wuri mai inuwa, ba mai taka shi.

TAHIR: To Gwaggo, don girman Allah, a ina? Ba don mu ba. Ki dubi zumunci, ki dubi halin da yake ciki. Kin ji wannan gurnanin? Sunanki yake son kira.

GWAGGO: Na ji. Yau ya san wace ce.

TAHIR: Ki faɗa masa ko ya samu ya cika da kwanciyar rai.

GWAGGO: Wurin ƙarami ne, Tahiru. Na auna da ƙafata, mutum ɗaya ya rage a gefensa. Na riga na nuna wa wanda zai haƙa min, ya kuma rantse ba zai faɗa ba.

TAHIR: Gwaggo...

GWAGGO: Ku a birni ba ku rasa maƙabarta ba, har da katanga da maigadi. Ku sa shi kusa da manya, ku rubuta ɗan Malam a allon.

TAHIR: Alhaji? Alhaji! Ramlat, kira nas! Gwaggo, tsaya, kar ki kashe, ki ce masa wani abu, ko kin yafe ne...

GWAGGO: Tunkiyata ta shiga gyaɗar mutane. A sallame ni.

TAHIR: Gwaggo! Hello? Hello?