Ranar Kanada Ba Irin ta Dakoro Ba Ce

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Laminu ne daga Dakoro.

Bara aka tura ni horo Kanada, lokacin sanyinsu. Wata safiya na leƙa ta taga, na ga rana fes. Mu nan in rana ta fito, ai zafi ya zo. Sai na wanke fuska, na zura 'yar riga, na fita gudu kamar yadda na saba a hanyar Korahane. Ban yi nisa ba gemuna ya daskare, na daina jin kunnuwana. Wata tsohuwa ta tsaida ni, ta cire jar hularta ta ulu, ta sa mini. Haka na ƙarasa guduna, na dawo gida da kunnuwana biyu, alhamdu lillahi.

Ina gaida abokina Sani da zai tafi can bana. Sani, ranarsu fitila ce kawai, zo ka karɓi hular.