Murfin Tankin Mai

Muna jiran jirgi a bakin ruwa, wani mai kwale-kwale yana fama da tsohon injinsa, wani dattijo fasinja ya zuba masa ido.

"Samari, me ke damunsa?"

"Tsufa, Baba. Zai tashi garau, da mun kai tsakiyar ruwa sai ya shaƙe. Na canja fulogi, na wanke kafireto, duk a banza. Ga matata watan haihuwarta ya kama, asibiti kuma sai an haye."

"Wa ya ɗinke kan injin nan da waya?"

"Mahaifina, Allah Ya jiƙansa."

"Allahu akbar! Ashe kai ɗansa ne? Shekarar ambaliya injin nan ya tsamo ni. Ko sunan mutumin ban samu na tambaya ba."

"Kai, Baba! Wannan ɗin?"

"Shi fa. Ina kwance a cikin jirgin ina aman ruwa, warin fetur ya ishe ni, na kai hannu zan ɗaure murfin tanki. Ya buge hannuna, ya ce ƙofar iskar murfin ta toshe, in aka ɗaure mai ba ya tafiya. Kai yaya kake yi?"

"Tamau nake ɗaurewa, kada mai ya zube."

Mai kwale-kwalen ya sassauta murfin, muka ji tankin ya ja iska, fuuu. Ya tsaya yana kallon hannunsa.

"Da mahaifina yana raye, kullum sai na bi bayansa na ɗaure. Na ɗauka mantuwa ce irin ta tsofaffi."